Duwatsun da Na Kawar

A shekarata ta biyu da riƙe lakwal, wato makarantar boko, a wani ƙauye tsakanin Tajaye da Illela na sayi keke a kasuwar Ƙonni. Na gwanjo ne, baƙi, mai kaurin taya da giya gaba da baya, irin wanda aka ƙera don hawa da gangara. Mai sayarwa ya rantse mini cewa keken bai taɓa ganin faci ba tunda aka ƙera shi. Da na iso gida na kwance tayar baya, na tarar da faci huɗu, wani kan wani. Ban ji haushi ba, don da ma ba rantsuwarsa na je saye ba.

Abin da ya ɗaure wa mutanen gari kai shi ne ina da moto, wato babur, lafiyayye kuwa, yana jingine a zaure. A wurinsu mutum daga ƙafa yake zuwa jaki, daga jaki zuwa keke, daga keke zuwa moto, kuma ba a komawa baya sai in duniya ta juya wa mutum baya. Liman ya aiko ƙanensa ya tambaye ni a asirce ko lafiya. Matata ta ce ta gaji da amsa tambaya a bakin rijiya, in taimake ta in riƙa fita ta bayan gida. Na ce wa kowa likita ne ya ce in riƙa motsa jiki, kuma gaskiya ne ya faɗa. Amma ko bai faɗa ba da na saya. Tun ina satar keken kawuna a Ƙonni ba abin da nake so kamar gangara, kuma shekara arba'in da biyar ba su raba ni da wannan halin ba.

Bayan garin akwai dutse. Duwatsun wajenmu ba su da tsini, samansu a shimfiɗe yake kamar faifai, jan marmara ne da tsakuwa, sai geza da sabara nan da can. Ta arewa akwai hanyar amalanke mai hawa a hankali, ita nake bi in hau, ina haki ina zagin kaina. Ta kudu kuma wata turba ce guda ta sauko. Awaki suka fara ta, mata masu itace suka bi su, jakuna suka daddale ta. Faɗinta bai wuce mutum ya ajiye ƙafafunsa biyu a haɗe ba, kuma ba ta san miƙewa ba, lanƙwasa goma sha ɗaya gare ta daga sama zuwa gindin dutse. Hawan yakan ci mini kusan awa guda. Saukowar ba ta kai a tafasa shayi ba, amma saboda ita nake shan duk wahalar.

Asabar da Lahadi nake fita, da sassafe, wani lokaci kuma da la'asar in an tashi lakwal da wuri. In na kai sama sai in tsaya in sha ruwa, in dubi garin can ƙasa, da rumbunansa da hayaƙin girki. Sa'an nan in sauke sirdi, in yi bisimilla, in tura.

Lanƙwasar farko da ta biyu masu sauƙi ne, ƙasar da tauri, taya na kama ta. A ta uku tsakuwa ce sako-sako, duk wanda ya taɓa birkin gaba a nan ya sha ƙasa. Sai dai ka ja jikinka bayan sirdi, ka lallaɓi birkin baya da yatsa guda, ka bar keken ya yi ɗan zamewarsa. Ta huɗu tana bi tsakanin wasu manyan duwatsu biyu, sai na matse hannuwana, duk da haka ƙahon keken ya sha gogar na dama. A ta biyar wata magarya ta miƙo reshe daidai fuskar mutum, ta karɓe mini hula sau biyu kafin in koyi sunkuyawa. Sannu a hankali na gane cewa in na zuba wa dutse ido don tsoro, a kansa zan ƙare, in kuwa na kalli inda nake so in bi, keken da kansa yake bi. A ɗan wannan lokacin ba na tuna sufeton makarantu, ba na tuna rufin ajin da iska ta yaye, ba na tuna komai. Iska ce kawai a kunne, da ƙarar tsakuwa, da zabin daji da kan tashi firgigit a gabana.

Ta bakwai ita ce za ta fi kowace daɗi, doguwa ce mai kwanciya, da a ce an bar ta yadda take. Amma a tsakiyarta akwai jeren duwatsu da ya gitta turbar, tsayinsa bai kai gwiwa ba, ya fito daga dama ya shige cikin geza ta hagu. Jaki kan tsallake shi bai ma sani ba. Ni kuwa dole in danne birki daidai inda gudu ya fi daɗi, in sauka, in ɗaga keke, in sake hawa. Ban taɓa wucewa wurin ban yi tsaki ba.

A ƙasa da nan, bayan lanƙwasa ta takwas, na fara haɗuwa da mutumin da ya sa nake wannan rubutu. Ranar tayar gaba ce ta zame mini, na mirgino ta cikin sabara har wani fili da ke ƙarƙashin turbar, keken ya biyo ni. Da na ɗaga kai sai na ga wani siririn mutum mai furfura a gemu, da diga a hannu, yana kallona. Bai yi dariya ba sai da ya tabbata na miƙe da ƙafafuna.

"Sannu, Mushe," ya ce, don haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu. "Wani ya koro ka daga bisa?"

Na ce, "Ba kowa. Wasa nika yi."

"Wasa? To, Allah shi ba mu lahiyad da za mu yi wasa da ita."

Ya ba ni ruwa a gora na wanke gwiwata. Ya girme ni da kamar shekara goma, shi ya sa tun daga ranar nake ce masa Yaya, shi kuma bai daina ce mini Mushe ba. Duk saukowata sai na tsaya wurinsa, mu zauna ƙarƙashin wata aduwa guda da ke gefen filin. Yakan tambaye ni sau nawa na faɗi yau, in na ce ban faɗi ba sai ya duba wandona ya ce ƙurar da ke jiki ta fi ni gaskiya.

A ƙarƙashin aduwar nan na ji labarinsa, kaɗan-kaɗan, don ba mai yawan magana ba ne a kan kansa. Tun yana saurayi yake tafiya biɗa. Da an gama girbi sai ya kama hanyar Abijan, ya yi dako a kasuwa har a ga hadari, sa'an nan ya dawo shuka. Gonar gadonsu ta jigawa ta gaji, hatsinta ba ya kai gidan rabin shekara, sauran sai abin da bayansa ya ɗauko. Bayan nan kuwa ya ƙare. In ya daɗe a sunkuye, sai ya dafa ƙugu ya miƙe a hankali, yana cije leɓe. Mahaifiyarsa ta rasu yana can, sai a waya aka gaya masa. A ƴaƴansa shida, sunan guda kaɗai aka yi yana gari.

Wannan filin da na faɗo ciki fako ne, ƙasa mai tauri da ko ciyawa ba ta fitowa a kanta, ba wanda yake so. Ya roƙi maigari aka bar masa. Rani biyu ke nan bai tafi biɗa ba, yana cin ɗan abin da ya zo da shi a tafiyarsa ta ƙarshe, yana haƙa tassa. Tassa ƙananan ramuka ne kamar ƙwarya, ana haƙa su da rani a jere, a tara ƙasar ta gefen gangara, a zuba taki cikin tafin hannu a kowanne. Gara takan zo cin takin ta huda ƙasar, in ruwa ya sauka sai ya zauna a ramin ya shige, maimakon ya wuce. Tsakanin ramukan kuma ya ja layukan duwatsu a gicciye don su rage wa ruwa gudu. Duk shi kaɗai, da jaki guda da ya kawo masa takin.

Wata rana ya ce mini, "Mushe, guzurina ya ƙare, bana ce ta ƙarshe. In wagga gona ta yi, ta cika ma waccan ta jigawa, na gama tahiya. In zamna in ga yadda rani yake a garinmu. In ba ta yi ba, sai in koma ma buhunnan mutane."

Na ce masa za ta yi, in sha Allahu. Na yaba layukan duwatsunsa, har na ce zan kawo ƴan babban aji su gani. Ina da ido, ina da ilimin da ake ba ni albashi a kansa, amma ko sau ɗaya ban haɗa layukan da ke cikin gonar da jeren da ke bisa turba ba. Geza ta kare tsakaninsu, daga gonar ba a ganin lanƙwasa ta bakwai. Ni a zatona makiyaya ne suka jera su don zama, ko kuwa dutsen ne ya zubo da su. Gaskiyar magana ban tsaya na yi zaton komai sosai ba. Sun tare mini hanya, iyakar abin da na sani game da su ke nan.

Wata Lahadi cikin tsakiyar bazara, ranar Yaya ya tafi ta'aziyya Malbaza, na tsaya a wurin na jingine keke. Na ɗaga ƙananan na jefar cikin geza. Manya biyu sai da na sami itace na banƙare su, na tura su suka gangara. Tara ne duka, na ƙirga. Na share wurin da ƙafa, na tura keken na koma har lanƙwasa ta biyar don in gwada. Kai, ranar na ji daɗi. Na shigo ta bakwai da gudu na kwanta da keken, na fita ta ɗaya gefen ban taɓa birki ba. Na koma gida ina jin kamar na yi wa gari aikin gayya.

Yaya ta ƙasa yake zuwa gonarsa, daga gari, kuma bayansa ba ya barinsa hawa dutse ba dalili. Bai ga abin da na yi ba. Abin da ya gani kawai shi ne yadda nake saukowa.

"Mushe, kwana biyu hannunka ya faɗa. Kana zuwa awa iska."

Na ce, "Ai ɗan Ƙonni ne a gabanka, Yaya." Na karɓi yabon ban ji komai ba.

Ruwan shuka ya sauka a kan kari. Ya shuka hatsi a ramukan, bayan mako biyu wurin ya canza kama. Jar ƙasa ce ƙeƙasasshiya, amma kowane rami da ɗan tsironsa kore shar, a jere har gindin aduwa. Mutanen da suka yi masa dariya da ya karɓi fakon suka fara biyowa ta wurin da sunan neman akuya. Shi kuma yakan zaga tsakanin ramukan, hannu a baya. Ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na kwanakin nan ba, har shayi ya fara kawowa gona.

Babban ruwan ya zo wata Alhamis bayan azahar, muna cikin aji. Ƙarar kwanon rufi ta hana kowa jin kowa, na ajiye alli muka tsaya kallo ta taga. Ya yi kamar awa biyu yana zuba. Na yi murna kamar kowa. Har na ce a raina tassar Yaya ta sha ta ƙoshi.

Washegari da sassafe, kafin lakwal, na hau dutse don ina son in ji turbar a jiƙe. Ƙasa ta yi laushi, taya na kama ta, ƙamshin ruwa ko'ina. Na wuce ta biyar, na wuce ta shida, na shigo ta bakwai kamar yadda na saba, sai na ga babu turba a gabana. Na danne birki biyu na diro. Daga daidai inda na share, rami ne ya tsage, zurfinsa ya kai cinya, ya bi turbar ya gangara. Na dubi hagu. Ragowar jeren duwatsun na nan cikin geza, yana tafiya a karkace har bakin wani kwazazzabo, kuma a bushe yake, ko tarkace bai tara ba. A nan na gane. Jeren nan shi ke tare ruwan da ke biyo turba daga saman dutse, ya karkatar da shi ya zuba a kwazazzabon. Ni na buɗe masa ƙofa.

Na bi ramin da ƙafa, ina jan keke. Ruwan ya tsallake lanƙwasa ta takwas ya faɗa tsakiyar gonar. Ya fasa layukan duwatsu a wuri uku. Inda ya bi ya kwashe tsiro da taki ya bar marmara tsirara, inda ya baje kuma ya binne ramukan da yashi da tsakuwa. Fiye da rabin gonar ya tafi. Gefen gabas ne kaɗai ya tsira, yana nan kore kamar ba abin da ya faru.

Yaya na tsaye a bakin ramin. Ƙafafunsa duk laka har gwiwa, alamar ya riga ni hawa ya duba sama.

Na ce, "Yaya, sannu."

"Yawwa, Mushe. Ikon Allah." Sa'an nan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Akwai ɗan jeren da niy yi can bisa tun bara waccan. Na iske babu shi. Wataƙila awaki na."

Akuyar da za ta ture dutsen da ni da itace na sha wahalarsa ba a haife ta ba. Ya sani, na sani. Hanya ya ba ni in wuce da mutuncina. Ni kuma, abin da har yau nake jin kunyarsa ya fi kawar da duwatsun, na bi hanyar. Na ce, "Allah shi kyauta." Na ce lokacin lakwal ya yi, na hau keke na tafi.

Ranar ban san abin da na koyar ba. A masallacin Juma'a na hango shi a sahun gaba na sunkuyar da kai. Da na dawo gida na ture tuwo, matata ta tsare ni da tambaya har na gaya mata. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Cewa ta yi, "Kai da kake sa ƴaƴan mutane su tashi su faɗi wanda ya fasa tulun aji." Ta ɗauke kwanon ta fita.

Da la'asar na tafi gidansa da ƙafa. Na yi sallama, ya fito zaure ya shimfiɗa mini tabarma. Muka gaisa, gaisuwar ta ƙare. Daga baya na ce, "Yaya, ba awaki ba ne. Ni na kau da su, tun bazara. Sun tare mani hanya."

"Na sani, Mushe," ya ce. "Jaki na tsallakewa, mata na tsallakewa da itace bisa kai. Ba wanda duwatsun ga sunka dama sai kai."

"To mi ya hana ka hwaɗi?"

"In hwaɗi mi? Kai baƙo na, kuma kai ka karantad da ɗiyanmu. Ni ad da laihi, da kullum muna zamne ban taɓa gaya maka abin da sukai ba. Na ɗauka kowa ya sani."

Na ce ya faɗi duk abin da zan yi in gyara. Na fara maganar hatsi, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce shi ba a yi masa ɓarna ba balle a biya shi, ruwa na Allah ne. In ina son taimako in kawo hannuna gobe, ruwa na gaba ba zai jira mu ba.

An ba da hutu a satin, ni kuma da ma a ƙauyen nake hutuna. Muka fara da sama. Shi yana zaune yana nuna mini, ni ina ɗauko duwatsu. A nan na ga ashe jerin ma da iliminsa: babba a ƙasa a ɗan binne shi, ƙanana a cusa ta bayansa, kuma ba a miƙe ake gitta turba ba, a karkace ne, don ruwa ya bi gefe ba tare da ya yi karo ba. Abin da na rushe kafin shayi ya huce, kwana uku muka yi muna mayarwa. Sa'an nan muka cike ramin da duwatsu da ƙaya, muka sauko gona. Na kama diga karo na farko a rayuwata. Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Ya kama hannun ya duba, ya ce hannun alli ne, in riƙa shafa masa man shanu kamar amarya. Ina jin zafin hannu ina dariya, a ƙasan dariyar kuma wani abu na cina.

Ramukan da muka iya tonowa muka tono. Takin kuwa ya riga ya tafi, babu wani, don na rani biyu ne ya tara. Lokacin hatsi ya wuce, sai muka shuka wake a wurin, da ɗan hatsi a gefe don gwaji. Duk damina ban sake hawa dutse da keke ba. Keken ta ƙasa yake kai ni gona, da diga ɗaure a bayansa, mutanen gari suka sami sabon abin tambaya a bakin rijiya.

Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar. Waken ya yi ɗan abin da ya yi, hatsin gwaji ko kai bai fitar ba. Amma gefen gabas, wanda ruwan bai taɓa ba, ya yi hatsin da ban taɓa gani a garin ba, zangarniya tsawon kamu biyu, cike har baki. Mutane suka zo kallo, suna cewa fako ya haihu. Ni kuwa ganin wannan gefen ya fi mini ciwo a kan ganin inda ya lalace, don shi ya nuna mini abin da gonar duka za ta zama. Ranar girbi na taya shi ɗaure dammuna. Na tambaye shi ko hatsin zai kai gidan wata damina.

"Alhamdu lillahi," ya ce.

"Yaya, tambayarka nika yi ko za shi kai."

"Na ji ka, Mushe. Alhamdu lillahi."

Na sa matata ta kai wa matarsa buhun hatsi, tunda ta hannun mata ba a mayar da kaya. Sun karɓa. Washegari sai ga zabi biyu da ƙwaryar wake an aiko mana, wai a gaida Mushe. Ya mai da abin kyauta tsakanin gida da gida, ya hana shi zama biya. Na so in yarda cewa da buhun da gefen gabas da waken za su haɗu su kai shi damina. Na yarda ɗin, don shi ya fi mini sauƙi.

Aka koma lakwal, aiki ya sha mini kai, ga sababbin ɗalibai ga malami guda da bai dawo ba. Na yi kusan mako uku ban leƙa gonar ba. Wata Asabar na ce bari in hau dutse, rabona da sauko turbar da keke tun washegarin ruwan. Na sauko a hankali. Magarya ta ƙara reshe, tsakuwar ta uku na nan yadda take. A ta bakwai na tsaya na sauka, na ɗaga keken na tsallake jeren, na duba shi, ba dutsen da ya motsa. Na ƙarasa gonar ina shirya abin da zan ce in ya tambaye ni sau nawa na faɗi.

Ba shi a ƙarƙashin aduwa. Matarsa ce a tsakiyar gonar tana tara kara. Da ta gan ni ta gyara mayafi ta ɗan rusuna, muka gaisa, na tambayi yara, ta tambayi uwargida.

Na ce, "Ina Yaya? Ko bayan ne ya tashi?"

"Ai ya tahi, Mushe. Tun Talata."

"Ya tahi ina?"

"Inda ya saba."

Na tsaya riƙe da keke. Talata ina cikin gari, ina aji, motar kasuwa ta wuce ta bayan lakwal kamar kullum, har na ji hon ɗinta. Na ce, "Bai gaya mani ba. Ko sallama ba mu yi ba."

Ta juya igiyar da ke hannunta.

"Shi yac ce kar a gaya maka sai ya yi nisa. Yac ce in ka ji, rakiya za ka zo, ka tsaya bakin mota kana kallon ƙasa, shi ko ba ya iya ganin haka."

Idona ya cika, na juya mata baya kamar ina duba taya. Ita kuma ta sunkuya ta ci gaba da ɗaure karanta.